Daga Ƙwarya Zuwa Kafet: Tarihin Wankin Zinare a Ƙasar Zamfara

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda suka fi son karatu, da waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau za mu yamma ne, yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Abin da ya kai mu ba wani babban inji ba ne. Wani ɗan akwati ne na katako, dogo, buɗaɗɗe kamar indararo, an shimfiɗa masa kafet a ciki. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin masu haƙar zinare ya gan shi a jingine a bakin kududdufi, yara matasa na zuba masa ƙasa da ruwa. A Amurka da Ostireliya akwai masu ƙera irinsa don nishaɗi, su je rafi ranar hutu, su dawo da ɗan ƙyalli a kwalba. A Zamfara ba wasa ake yi da shi ba. Abinci ne, sadaki ne, kuɗin babur ne, wani lokacin kuma, Allah ya kiyaye, hanyar maƙabarta ce.

To daga ina wannan akwati ya fito? Yaya yake aiki? Me ya haɗa shi da mutuwar ɗaruruwan yara a 2010? Mu bi a hankali.

SIRRIN DUKA NAUYI NE

Kafin tarihi, bari mu gane dabarar, domin in ka gane ta sauran labarin zai zo maka da sauƙi.

Zinare yana da nauyi na ban mamaki. In ka cika gwangwani da ruwa, ka cika wani irinsa da zinare, na zinaren zai ninka na ruwan sau 19 da ɗoriya. Dutsen da yashi ke fitowa daga cikinsa bai kai ninki 3 ba. Ke nan ƙwayar zinare ta fi ƙwayar yashi mai girmanta nauyi kusan sau 7. In ruwa ya kwaso su tare, yashi zai bi ruwa, zinare kuwa zai nemi ƙasa, ya maƙale a duk ramin da ya fara samu.

Mata sun san wannan ilimi tun kafin a zo da boko. Mai regayar gero ko shinkafa a ƙwarya tana juyawa ne a cikin ruwa har tsakuwa ta kwanta a gindi, hatsi ya taso. Wankin zinare regaya ce, sai dai a nan abin da ya kwanta shi ake so, abin da ya taso a zubar.

Akwatin wanki regaya ce da ba ta tsayawa. Kafinta zai haɗa katakai uku, ɗaya a ƙasa, biyu a gefe. Wani kuma wurin mai walda zai je, a lanƙwasa masa farantin ƙarfe. A jingine shi kansa sama, gindinsa ƙasa. A shimfiɗa kafet ko bargo ko buhun algarara, wasu su gicciya 'yan sanduna a kai, domin ruwa in ya tsallake sanda yakan yi ɗan juyi a bayanta, kuma a wannan juyin mai nauyi ke faɗawa. A sama a sa rariya ta tare manyan duwatsu. Sai zuba ƙasa da shebur, sai ruwa da bokiti ko injin ban-ruwa.

Gwanintar tana wuri biyu. Na farko gangare. Masu yin sa a ƙasashen waje sukan fara da saukar inci 1 a kowace ƙafa 1 ta tsawon akwati, sannan su gyara da ido. In ya yi tsaye da yawa, ruwa ya yi gudu, zinare ya wuce tare da yashi. In ya kwanta da yawa, yashi ya toshe gashin kafet, zinare ya rasa masauki, shi ma ya wuce. Na biyu wanke kafet a kan lokaci. A naɗe shi, a kai cikin baho ko kwanon sarki, a girgije, abin da ya fito a rege shi da hannu. Wanda ya yi kasala ya bar kafet ya cika, wahalarsa ta yini ta tafi rafi.

KAFIN KAFET AKWAI FATAR TUNKIYA

Wannan dabara ta tsufa ƙwarai. Strabo, wani marubucin Girka da ya rayu shekaru kusan 2000 da suka wuce, ya ba da labarin mutanen duwatsun ƙasar da yanzu ake kira Jojiya, masu tare zinaren rafi da fatu masu gashi. Masana da yawa na ganin daga nan aka samo tsohuwar tatsuniyar Girkawa ta fatar rago ta zinare. A 1556 aka buga littafin wani Bajamushe, Georgius Agricola, a kan haƙar ma'adinai, cike da zanen magudanan katako da aka shimfiɗa wa ƙyalle. In ka nuna wa yaron Maradun wannan zane, zai ce ai namu ne.

A watan Janairun 1848 James Marshall ya tsinci zinare a wani rafi a Kalifoniya, duniya ta ruɗe, mutane suka kwarara can daga ko'ina. Da kwano suka fara, suka koma akwati mai lilo kamar shimfiɗar jariri, daga nan suka kafa dogayen magudanai. A can ne aka riƙa zuba zaiba, wadda yanzu aka fi sani da makuri, a cikin magudanan don ta kama ƙananan ƙwayoyi. Har yau akwai ragowar wannan guba a wasu kogunan Kalifoniya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu nan Afirka ta Yamma, ƙwarya ce kakar sana'ar. Zinaren da Mansa Musa ya tafi da shi hajji a 1324, har ya karya farashinsa a Misira, mafi yawansa daga filayen Bambuk da Bure ya fito, inda maza ke haƙa, mata ke wankewa da ƙwarya. Baturen nan mai yawo, Mungo Park, ya ga matan Mandingo suna wannan aiki a ƙarshen ƙarni na 18, ya rubuta yadda suke juya ƙwaryar. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san ƙurar zinare a kasuwannin da ke maƙwabtaka da Asante, inda ake auna ta a matsayin kuɗi. Wato Bahaushe ya daɗe da sanin zinare a hannu da sikeli. Haƙarsa gadan-gadan a ƙasarmu kuwa, zamanin Turawa ne ya buɗe ƙofarta.

ZUWAN TURAWA

Da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga kamfanin Royal Niger a 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa samun rabin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ku duba fa, tun ba a ci Kano da Sakkwato da yaƙi ba a 1903, an riga an raba abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Daga baya dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 suka ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne. Gona taka ce, abin da ke ƙarƙashinta ba naka ba ne. Wannan ƙa'ida ba ta mutu ba. Tana nan a sashe na 44 na tsarin mulkin 1999, tana nan a dokar ma'adinai ta 2007.

Hankalin Turawa da farko yana kan kuza a Jos. Can ne dubban 'yan ci-rani daga lardunan Sakkwato da Kano da Zariya suka ga yadda ake sarrafa ruwa a magudana don raba mai nauyi da marar nauyi. Wankin kuza da wankin zinare 'yan gida ɗaya ne.

Lissafin zinaren Najeriya a hukumance ya fara ne a 1913, amma bai yi ƙarfi ba sai shekarun 1930. Dalili? A watan Satumbar 1931 Ingila ta raba fam ɗinta da ma'aunin zinare, farashi ya tashi. A 1934 Amurka ta ɗaga kuɗin oza ɗaya, wato giram 31 da 'yan kai, zuwa dala 35. A daidai lokacin kuza da gyaɗa da auduga duk sun faɗi warwas. Sai masu lasisi suka bazu cikin dazuzzukan Birnin Gwari da Minna da Yawuri da kudancin lardin Sakkwato, inda ƙasar Zamfara take. Yawancin aikin na rafi ne da ƙasar saman dutse: talaka ya haƙa, ya wanke, ya sayar wa mai lasisi a farashin da mai lasisi ya yanka.

Yaƙin duniya na biyu ne ya kashe kasuwar. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, aka juya ƙarfi zuwa Jos, aka shiga kwasar mutane aikin tilas, wanda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Ramukan zinare suka zama kufai. Bayan samun 'yancin kai kuma man fetur ya ɗauke hankalin kowa.

ƘASA, RUWA DA BAKOLORI

Yanzu mu dubi taswirar wurin. Kudu da gabashin wannan yanki, wajen Anka da Maru, tsofaffin duwatsu ne masu jijiyoyin farin dutse, kuma a cikin waɗannan jijiyoyi zinare yake. In ka nufi arewa maso yamma, wajen Bakura zuwa Sakkwato, ƙasar takan koma shimfiɗaɗɗiya, ta noma da fadama. Amma mutanen ɗaya ne, kasuwanninsu ɗaya. Ko a siyasa, Anka da Talata Mafara kujerar wakili ɗaya suke da ita a Abuja, Bakura da Maradun ma haka, kuma su huɗun da Bukkuyum da Gummi sanata ɗaya ke wakiltarsu.

Abin da ya fi girgiza rayuwar wannan yanki kafin zinare shi ne madatsar ruwan Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Italiya mai suna Impresit ya gina, aka kammala a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka a wajen Maradun, an tashi dubban mutane, na ƙasan madatsa kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama. Manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu ne suka mutu, wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Me ya kawo Bakolori cikin hirar akwatin wanki? Saboda tambayar ɗaya ce: arzikin da ke ƙasar talaka, wa ke yanke hukunci a kansa? Kuma matashin da gonar gidansu ba ta isa ciyar da shi ba, wanda rani ke samunsa hannu rabbana, shi ne na farko da zai ɗauki diga ranar da aka ce an ga zinare a daji.

SHEKARAR 2010

A 2001 matsakaicin farashin oza ɗaya bai wuce dala 270 da 'yan kai ba. A 2008 ta kai dala 1,000. A watan Satumbar 2011 ta taɓa 1,900. Ramukan da Turawa suka bari suka sake cika da mutane.

Amma aikin ya sauya kama. Zinaren rafi mai sauƙi ya yi ƙaranci, sai aka koma fasa dutsen kansa. A nan akwatin wanki ya sami sabuwar abokiyar aiki: injin niƙa. Eh, irin wanda ake niƙa dawa da masara. Tsarin ya zama haka: a haƙo dutse a cika buhu, a kawo gari, a farfasa da guduma ko a daka a turmi, a niƙa ya zama gari, a wanke a kan kafet, a rege, a zuba makuri ya dunƙule da zinaren, a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen makurin ya tashi, zinare ya rage.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wasu jijiyoyin dutsen cike suke da dalma. Irin dutsen nan ne mai ƙyalli wanda ake yin kwalli da shi. Ana niƙa shi a bushe, a tsakar gida, kusa da madafa, ƙura ta sauka a kan tabarma da kwanuka da ƙasar da jariri ke rarrafe. Shi kuma akwatin wanki ba ruwansa, duk mai nauyi kamawa yake. Dutsen dalma ya fi yashi nauyi kusan sau 3, don haka abin da kafet ya tara yana ɗauke da shi, ragowar ƙasar da aka wanke ma tana ɗauke da shi. A shanya ta a tsakar gida don a sake niƙawa, wasu ma su yi tubali da ita.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da ke zagayen duba sanƙarau da ƙyanda, suka tarar da sababbin kaburburan yara fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara na farfaɗiya, maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Da aka kai jini gwaji aka ga dalma ce. A wani bincike da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu, an samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wuraren, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin don wurin wasan yara 400 ce. Jimillar yaran da suka rasu ta haura 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jiki, wasu da taɓin ƙwaƙwalwa na har abada. Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega. Sunayen da ya kamata kowane ɗan Zamfara ya haddace.

Magani ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi, don haka sai da aka riƙa kankare saman ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, aikin da kamfanin TerraGraphics na Amurka ya jagoranta. An share ƙauyuka bakwai. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jiran kuɗin gwamnatin tarayya, har sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka ɗaga murya a intanet da gangamin ceto Bagega, aka saki kuɗin a farkon 2013. Ga darasi ga masu cewa rubutun Facebook da Twitter ba ya komai. Sai dai a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

BINDIGA DA HARAMCI

Inda zinare yake ba doka, bindiga ba ta nisa. A watan Nuwambar 2016 'yan bindiga suka kashe masu haƙa fiye da 30 a wani wurin aiki a ƙaramar hukumar Maru. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya. Bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, ranar 26 ga Fabrairun 2021, aka ƙara da hana jiragen sama shawagi a jihar. A tsakanin nan, a watan Yulin 2020, an nuna wa Shugaba Buhari sandar zinare mai kilo 12.5 da aka tara daga ƙananan masu haƙa a ƙarƙashin wani shirin fadar shugaban ƙasa, Babban Banki ya saya. Sai a watan Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin.

Shin haramcin ya tsayar da haƙa? Ku tambayi mutanen yankin. Akwatin da kafinta zai haɗa kafin azahar, a ɗaure shi a bayan babur, ba abu ne da sanarwar Abuja za ta kashe ba. Abin da haramci ya fi yi shi ne tura aikin cikin daji, inda malamin lafiya ba ya zuwa, mai bindiga ke karɓar kaso.

Wani abin lura: tun da aka ƙirƙiri jihar a 1996, garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna. Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan. Za su ce ma'adinai hurumin tarayya ne, kuma haka doka ta ce. Amma lafiya da ruwan sha da makaranta fa, hurumin wa?

TO YANZU FA?

A watan Maris na 2025 oza ta haura dala 3,000. Duk wanda ya ce matasa za su ajiye diga, yaudarar kansa yake yi. Haka abin yake a Nijar, daga Jado zuwa Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, inda rami ya rufta da mutane a watan Nuwambar 2021. Saboda haka maganar da ta rage ita ce yadda za a yi aikin ba tare da an binne 'ya'ya ba.

A cikin duk kayan aikin nan, akwatin wanki ne ya fi sauƙin laifi, domin da ruwa yake aiki, ruwa kuma kwantar da ƙura yake yi. Wanda ya iya saita gangarensa, ya iya regaya da kyau, yana rage makurin da zai buƙata. A ƙasar Filifin ma akwai masu haƙa da suka daina makuri gaba ɗaya, suna narka abin da suka rege da sinadarin boras. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da makuri a 2018, yarjejeniyar da aka sa wa sunan garin Japan inda wannan guba ta nakasa dubban mutane.

Abin da likitoci suka daɗe suna faɗa ba shi da tsada. Kada a kawo dutse cikin gari, balle cikin gida. A niƙa da ruwa, kada a niƙa a bushe. Injin da ya niƙa dutse kada ya sake ganin hatsi, turmi ma haka. Kada ruwan wanki ya gangara rijiya ko inda dabbobi ke sha. A yi wanka, a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Kada a ƙona makuri a ɗaki ko kusa da mai ciki. Yaro kuwa, wurinsa makaranta.

Ɗan'uwa, in kana da ƙane ko aboki a rami, tura masa wannan. 'Yar'uwa, in maigida na shigo da buhun dutse gida, kina da hujjar cewa a'a, ƙauyuka takwas sun riga sun biya kuɗin wannan ilimi. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Mutanen Mafara da Bakura da Maradun, muna son jin ta bakinku: wane suna kuke kiran wannan akwati da shi a wajenku, kuma me dattawanku suka gaya muku game da ramukan zamanin Turawa? Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba Zamfara lafiya da zaman lafiya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.